Ƙirƙirarriyar Basira, Jinsi da Zaɓin Abin Kallo: Misali Daga Ƙasar Ajingi

1. Maƙasudi

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda abubuwa biyu su ke haɗuwa su rinjayi abin da Bahaushe ya ke kallo a yau. Na farko shi ne na'urar nan da ke zaɓo wa mai kallo abin da zai gani a wayarsa tun bai tambaya ba. Na biyu kuwa shi ne jinsin mai kallon, watau kasancewarsa namiji ko mace, tare da abin da al'ada ta ɗora wa kowannensu. An ɗauki ƙasar Ajingi ta zama misali domin galibin abin da a ke rubutawa game da kallo a ƙasar Hausa a kan birni ya ke tsayawa, alhali kuwa mafi yawan Hausawa a karkara su ke zaune. Abin da za a nuna, a taƙaice, shi ne cewa na'ura ta iske kallon maza da na mata a rabe, ta koyi wannan rabo, tana kuma ƙara ɗaure shi. Sa'an nan wajen koyon nan ba kowa ta ke ƙirgawa ba.

2. Ma'anar kalmomi

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita ma'anar kalmomi uku, don kada mai karatu ya ɗauke su yadda ba a nufa ba.

Kalmar "jinsi" daga Larabci ta zo mana, da ma'anar iri ko nau'i. Masu nahawu sun saba da ita wajen raba sunaye zuwa namiji da mace, kamar yadda mu ke cewa "gida ne" amma "riga ce". A nan an faɗaɗa ta, ta haɗa har da matsayin da jama'a ta ba namiji da mace: inda kowa zai zauna, da lokacin da ya ke da sarari, da abin da ya mallaka.

"Kallon tarayya" shi ne kallon da ba ya ƙarewa da ƙarewar shiri, sai masu kallo su ci gaba da tattauna shi, suna yabo da suka, suna tura wa juna guntayensa ta Facebook da WhatsApp da TikTok, ko kuwa a ƙarƙashin shirin kansa a YouTube. A Amurka abin ya kai har kamfanin Nielsen, mai auna yawan masu kallo, ya fara auna hirar da a ke yi game da shirye-shiryen talabijin a Twitter a shekarar 2013.

"Ƙirƙirarriyar basira" kuwa suna ne da a ke ba aikin kwamfuta mai koyo daga abin da ya gabata don ta yi hasashen abin da zai zo. Jerin ƙa'idodin lissafin da ta ke bi shi Turawa ke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Alhawarizmi, masanin lissafin nan da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. A cikin wannan takarda za mu riƙa ce masa "ɗan jagora", tun da aikinsa ke nan.

3. Rabon wurin kallo kafin zuwan na'ura

Kallo a ƙasar Hausa tun asali abin tarayya ne, kuma tun asali yana da wurin maza da wurin mata. Dambe da kokawa da wasan 'yan kama a dandali a ke yinsu, tatsuniya da kiɗan ƙwarya kuwa a cikin gida. Da Turawan mulki suka kawo majigi, a fili a ke kafa shi da dare. Da aka buɗe gidajen siliman kasuwanci a Kano, tun daga Rex a shekarar 1937, sai suka zama wurin maza, har macen da aka gani a can ta kan rasa mutuncinta a idon jama'a. Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa na 2008 game da kafofin watsa labarai a Kano.

Talabijin shi ya fara shigar da hoto mai motsi cikin gida. An buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, sa'an nan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a 1982, wadda a ke kira ARTV yanzu. Ta wannan hanya matan aure na birni suka san Samanja da finafinan Indiya ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, kaset ɗin bidiyo na Hausa ya bazu, kuma manazarta irin su Abdalla Uba Adamu sun nuna cewa mata ne ƙashin bayan wannan kasuwa. Ba abin mamaki ba ne da labaran suka karkata ga soyayya da kishi da zaman aure, gama mai kaya ya kan bi mai saye.

Maza kuwa sai suka sami sabon dandali, watau gidan kallo, inda a ke tayar da janareta, a biya kuɗin shiga, a kalli ƙwallon Ingila da na Sifen. Saboda haka, kafin wayar hannu ta iso, an riga an sami tafarki biyu: ƙwallo da siyasa da dambe a waje, wasan kwaikwayo a ɗaka. Wannan rabo ya fi dogara ga wurin zama da sarari bisa ga sha'awar zuci, domin an sha ganin magidanci ya zauna ya ƙare fim ɗin matarsa, an kuma sha ganin mace mai bin labarin siyasa a rediyo fiye da mijinta.

A shekarar 2014 aka buɗe Arewa24 a Kano, tashar tauraron ɗan adam mai watsa shiri da Hausa dare da rana, wadda ta fito da Daɗin Kowa, daga baya kuma Kwana Casa'in. Da kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim suka koma ga wasa mai dogon zango, a riƙa sakin kashi guda kowane mako. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito, kuma YouTube ya zama babbar kasuwarsu. Daga nan ne ɗan jagora ya shiga tsakanin mai shiri da mai kallo.

4. Yadda ɗan jagora ke zaɓe

A shekarar 2016 ma'aikatan Google uku, Paul Covington da Jay Adams da Emre Sargin, suka bayyana yadda tsarin YouTube na lokacin ya ke aiki. Mataki biyu gare shi. A matakin farko na'ura ta kan tace miliyoyin bidiyo ta fitar da 'yan ɗaruruwa waɗanda ta ke zaton za su dace da wannan mai kallo, bisa ga abin da ya kalla a baya, da abin da ya nema, da abin da masu kama da shi suka kalla. A mataki na biyu sai ta jera waɗannan ɗaruruwa, ta sa a gaba wanda ta ke tsammanin zai fi daɗewa a kansa. Tun daga 2012 kamfanin ya fi ba tsawon lokacin kallo muhimmanci bisa ga yawan dannawa. A farkon 2018 kuma Neal Mohan, wanda ya ke babban jami'i a kamfanin, ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke ɓatarwa a YouTube a kan abin da na'ura ta miƙo musu ne.

TikTok ma ya bayyana nasa tsari a 2020. Ya ce yana duba abin da mutum ya so, ko ya tura, ko ya yi sharhi a kai, da bayanan bidiyon kamar sautinsa da rubutun da ke tare da shi, da kuma harshe da ƙasa da irin wayar. Ya ƙara da cewa kallon dogon bidiyo har ƙarshensa ya fi nauyi a ma'auni bisa ga zama ƙasa ɗaya da mai bidiyon.

A nan ne kallon tarayya ya ke da tasiri. Duk sharhin da aka rubuta, da duk turawar da aka yi, alama ce da na'ura ke tarawa. Ita kuwa ba ta bambanta yabo da zagi yadda mutum zai bambanta. Wanda ya tsaya ya kalli abu har ƙarshe don ya la'anci mai shi, ya ƙara wa abin daraja a lissafi. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Na'ura ba ta ganin fuska, yatsa ta ke tambaya.

5. Jinsi a wurin na'ura

Kamfanoni sun sha bamban game da jinsi. Takardar 2016 da aka ambata ta faɗa a fili cewa a na shigar da jinsin mai kallo da shekarunsa da yankinsa a cikin lissafi, musamman don sabon shiga, wanda bai riga ya bar wata alama ba. Netflix kuwa ya ce tsarinsa ba ya amfani da jinsi ko shekaru. Amma rashin tambaya bai hana sani ba. A 2012 wasu masu bincike, Udi Weinsberg da abokan aikinsa, suka nuna cewa daga jerin finafinan da mutum ya kalla kaɗai a na iya gane namiji ne ko mace, a dace kimanin sau 8 cikin 10. Watau ko ba a rubuta jinsi a rajista ba, yana nan ɓoye a cikin tarihin kallo.

Ga yadda rabon ke ƙara ƙarfi. A ɗauka, don misalin lissafi kawai, cikin mata goma bakwai sun fi kallon wasan zaman aure, uku kuwa sun fi son tafsiri ko muhawarar siyasa. Sabuwar mai waya ta shigo, na'ura ba ta san kome game da ita ba sai cewa ta yi kama da waɗannan goma. Hanya mafi riba ita ce a miƙa mata abin da bakwai ɗin suka so. In ta kalla, ko da don shi ta tarar a gabanta ne, sai a rubuta mata shi a matsayin zaɓinta, gobe a ƙaro irinsa. Da haka bakwai su kan zama takwas a lissafi, ba don zukata sun sāke ba, sai don abin da aka shimfiɗa a gaba ya ƙuntata. Haka kuma saurayin da ya fara da ƙwallo da barkwanci, da wuya a miƙo masa shirin renon yara, ko da zai amfane shi.

Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a nan. Ingilishi, harshen da aka fara gina waɗannan manhajoji da shi, kalma guda gare shi ta mutum na biyu, ga namiji da mace da jam'i. Hausa kuwa ba ta yarda a yi wa mutum guda magana ba tare da an bayyana jinsinsa ba: ko "ka kalla" ko "ki kalla". Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya sa ta cikin harsunansa a 2016, kuma duk mai fassara irin wannan shafi tilas ya zaɓi "ka", ko "ki", ko ya fake da "ku". Abin da Ingilishi ya ɓoye, nahawun Hausa ya tona shi: akwai wani mai kallo da aka ƙaddara a zuci tun kafin a san wanda ke riƙe da wayar.

6. Ajingi: wa aka ƙirga?

Ajingi ƙaramar hukuma ce a gabashin Jihar Kano, maƙwabciyar Gaya, a kan iyaka da Jihar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 170,000, galibinsu manoma da makiyaya, a garuruwa irin su Ajingi da Toranke da Gafasa da Kunkurawa da ƙauyukan da ke kewaye da su. A irin wannan ƙasa abubuwa huɗu su ke karya zaton da aka gina ɗan jagora a kansa, watau zaton cewa kowace waya ta mutum guda ce, kuma duk abin da ya kalla a kan intanet ya kalle shi.

Na farko, mallakar waya. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 55 cikin 100 na mata ne ke da wayar hannu, maza kuwa kashi 81. Wannan na ƙasa duka ne. A karkarar Arewa tazarar ta fi haka faɗi, balle in babbar waya mai ɗaukar bidiyo a ke magana.

Na biyu, aron waya. A gida da yawa babbar waya guda ce, ta maigida ko ta wani ɗa saurayi. Da rana tana kasuwa ko majalisa, da dare ta shiga ɗaka, mata da yara su kewaye ta. A wurin na'ura duk wannan mutum guda ne, namiji mai shekara kaza, wanda ke son ƙwallo da wa'azi da rana, ya koma son wasan kishiyoyi bayan isha'i. Kallon mutum biyar ko shida sai a rubuta shi guda, kuma a rubuta shi da sunan namiji.

Na uku, kallo ba tare da intanet ba. Saboda tsadar data da raunin sabis, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a aiki yaro shagon masu tura fim, waɗanda sau da yawa su ne masu cajin waya, a zuba masa kashi-kashi na wasa a katin waya da kuɗi kaɗan. Daga nan sai fim ya bi gida-gida ta Xender ko Bluetooth. Mai shago sau ɗaya ya sauko da shi, in ma ba daga wani mai shagon ya karɓa ba. Mutum ɗari na iya kallonsa, na'ura ba ta ji labarin ko ɗaya ba. A nan mai shago shi ne ɗan jagora, kuma shi ma da nasa zato game da abin da "mata ke so".

Na huɗu, karatun boko. Wanda ya iya rubutu ya kan nemi abin da ya ke so da suna. Wanda bai iya ba, ko wanda ajami kaɗai ya sani, sai ya zaɓa daga hotunan da aka jera masa. Tun da matan karkara su aka fi bari a baya wajen karatun boko, su ne suka fi dogara ga abin da aka miƙo. Har wa yau sharhinsu ya fi tafiya ta saƙon murya a WhatsApp, ko baki da baki a gidan suna da gidan biki da hanyar makarantar Islamiyya. Wannan hira ita ce kallon tarayya na ainihi a Ajingi, amma ba ta barin sawu a ƙarƙashin bidiyo.

In an haɗa waɗannan huɗu, za a ga macen Ajingi ta fi kowa shan tasirin ɗan jagora, ita ce kuma ta fi kowa ƙarancin tasiri a kansa.

7. Abin da wannan ke jawowa

Wani zai ce, to, mene ne abin damuwa, tun da nishaɗi ne kawai? Amsar tana ga kuɗi. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, yana kuma nuna masa jadawalin masu kallonsa: ƙasarsu, da shekarunsu, da jinsinsu, da daidai wurin da suka gaji suka fita. Kuɗin talla kuwa ya fi tsoka in mai kallo yana Turai ko Amurka bisa ga in yana Nijeriya. Mai shirya wasa da ke duba wannan jadawali kowane mako lalle zai gyara labarinsa don ya gamsar da waɗanda ya ke gani a ciki, watau mutanen birni da mazauna ƙetare. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gidan bene da mota da ofis suka cika wasanninmu, ƙauye kuwa ya kan fito galiba a matsayin wurin ban dariya ko wurin da a ke gudu daga gare shi.

Harshe ma bai tsira ba. Hausar da ke yawo a waɗannan wasanni Kananci ne na cikin birni, mai gauraye da Ingilishi, kuma ita yaran karkara ke kwaikwayo. Kalmomin noma da kiwo da saƙa da sarrafa abinci, waɗanda da yawansu a bakin matan karkara su ke adane, ba safai su ke samun shiga ba. Sunayen bidiyo kuma a kan rubuta su ba ƙugiya, "ƙasa" ta zama "kasa", "ɗaki" ya zama "daki", domin haka masu nema ke bugawa.

Hukuma ta kan sa hannu, amma daga gefe guda. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da wasanni masu dogon zango guda 22 na ɗan lokaci a watan Mayu na 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa a na sakinsu ba a kawo an tace ba. Ikonta ya tsaya ga abin da aka shirya. Wanda za a miƙa wa shirin, da sau nawa, da abin da za a biyo masa da shi, wannan lissafi ne da a ke yi a wata ƙasa, ba kuwa a gabatar da shi ga kowa a Kano.

8. Abin da ya rage ga manazarta da malamai

Ga manazarta, darasin shi ne kada a ɗauki alƙaluman YouTube ko yawan sharhi a Facebook a matsayin muryar Hausawa masu kallo. Wanda ke son sanin abin da matan Ajingi ke kallo, da abin da za su so su kalla in an ba su zaɓi, sai ya je shagon masu tura fim ya ga abin da ya fi fita, ya kuma nemi mata 'yan'uwansu su shiga gidaje su yi tambaya, tun da baƙo namiji iyakarsa zaure. Akwai kuma aikin da ke jiran masu nazarin harshe, na tattara Hausar da a ke sharhi da ita, a ga yadda maza da mata ke yabo da suka, da yadda a ke yi wa 'yan wasa mata magana in an gwada da maza.

Ga malaman kwalejojin horon malamai kuwa, akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a aji. A sa ɗalibi namiji da ɗaliba mace su buɗe shafin farko na manhaja guda a wayoyinsu, a rubuta abubuwa goma na farko da kowa ya gani a kan allo, sa'an nan a tambayi ajin dalilin bambancin. Daga nan a nuna musu yadda a ke neman abu da suna, da yadda a ke share tarihin kallo, da yadda a ke gaya wa na'ura cewa ba a son abu kaza. Waɗannan ɗalibai su ne za su koyar a makarantun Gaya da Ajingi gobe. In sun fahimci cewa abin da ke bayyana a waya zaɓin wani lissafi ne wanda a ke iya juya shi, to, za su iya koya wa yarinyar da ke gabansu ta nemi abin da ta ke so da kanta, ta rubuta shi da Hausarta, ta kuma shiga cikin waɗanda a ke ƙirgawa.